Injin Yankan Itace Na Hannu: Yadda Ake Gane Ainihin Kuɗinsa Kafin A Saya Ko A Sayar

Cikin kayan aikin da ake cinikinsu na hannu, da wuya a sami wanda ke jawo ja-in-ja tsakanin mai saye da mai sayarwa kamar injin yankan itace, wato zarton nan mai sarƙa da ke aiki da fetur. Mai sayarwa yana tuna kuɗin da ya zuba ranar da ya saye shi sabo. Mai saye kuwa yana kallon baƙin mai da garin katakon da suka manne a jikinsa, yana tunanin ko zai kai shi ƙarshen rani. Sau da yawa dukansu biyu suna kuskuren lissafi, don kowannensu yana duba abin da ba shi ke yanke farashi ba.

Maganar ba ƙarama ba ce. Ga mai tsaga katako, ko mai sayar da itacen girki, ko wanda ake ɗauka rage rassan darbejiya a cikin gari, injin nan shi ne jarinsa gaba ɗaya. Wani gona ya jinginar ya saya, wani kuma sa ya sayar. Idan ya faɗa wa wanda ya kusa bugawa, kuɗin gyaran farko kaɗai na iya cinye rarar da ya yi murnar samu. Haka shi ma mai sayarwa, idan bai san abin da ke hannunsa ba, dillali zai raba shi da lafiyayyen inji a kuɗin ruɓaɓɓe.

Abin da mai karatu zai riƙe tun daga farko shi ne: wanda ya sayi injin hannu, ragowar aikin da ke cikinsa ya saya. Wannan ragowar kuwa ana iya auna ta da ido da kunne da hannu cikin rabin awa, in dai an san inda za a duba.

Manta da kuɗin da ka saya

A Nijeriya kusan duk injin yankan itace daga waje ake shigo da shi, saboda haka farashinsa na bin dala. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a kusan naira 460 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuma kusan 750. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Wannan ya birkita lissafin duk wani kayan hannu.

Ga misali don a fahimta. A ce wani ya sayi inji naira 300,000 a 2022, yau aka taya shi 400,000. Zai ga kamar ya ci riba, ya yi aiki da abu shekaru kuma ya sayar da ƙari. Amma idan sabon irinsa ya kai 800,000 a shago yau, to rabin kuɗi ya sallama, kuma abin da ya karɓa ba zai mayar masa da inji ba. A ɗaya ɓangaren kuma, mai saye da ya ji ana neman fiye da kuɗin da aka saya sabo bai kamata ya ɗauka cuta ce ba. Naira ce ta sauka.

Don haka ma'aunin farko shi ne kuɗin sabon wannan samfurin a yau, a garin da ake cinikin. A Nijar da Kamaru da Cadi wannan ruɗanin bai kai haka ba, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, farashin kayan Turai ba ya tsalle irin na naira. Wanda ke kusa da iyaka ya kamata ya san farashin ɓangarorin biyu kafin ya buɗe baki.

Suna da aji

Sunaye biyu ne suka fi riƙe daraja a kasuwar hannu: Stihl na ƙasar Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926, da Husqvarna na Suwidin, wanda ya fara ƙera irin wannan inji a 1959. Dalilin riƙe darajar tasu a fili yake: kayan gyaransu na samuwa, kuma kanikawa sun san cikinsu. Injin da ba a samun fistin ɗinsa a kasuwa, duk kyansa, ranar da ya tsaya ya zama kayan 'yan gwangwan.

Sai dai suna kaɗai bai isa ba, don kowane kamfani yana da aji-aji. Akwai na aikin gida, kamar Stihl MS 170 da MS 180, masu ƙaramin inji da bai wuce cc 32 ba, waɗanda aka yi don rage reshe da yanka itacen girki jefi-jefi. Gangar jikinsu roba ce, kuma kafin a kai ga fistin sai an wargaza kusan komai. Akwai kuma na sana'a, kamar MS 382 mai cc 72, da MS 661 mai cc 91, da Husqvarna 272XP da 372XP. Waɗannan gidan injinsu na ƙarfen maganiziyam ne, silinda kuma da noti huɗu take ɗaure, ana cire ta a sa wata ba tare da an taɓa ƙasan inji ba. Wato an ƙera su ne don a riƙa sabunta su. Shi ya sa tsohon injin sana'a mai shekara goma kan fi ɗan shekara biyu na aikin gida kuɗi.

A dazuzzukan Afirka ta Yamma kuwa akwai wanda ya zama sarki, wato Stihl 070. Tsohon ƙira ne, cc kusan 106, ƙarfin doki shida da rabi, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba. Ba ya gudu sosai, amma yana da ƙarfin ja, kuma cikinsa ba shi da sarƙaƙiya, bakaniken ƙauye ma yana kwance shi ya mayar. An daɗe da daina sayar da shi a Turai da Amurka saboda dokokin hayaƙi da na kariya, amma masu tsaga katako a nan har gobe shi suke nema. Wannan buƙatar ce ke riƙe masa farashi.

A ƙasan jeri akwai 'yan Caina da ake kira 5200 da 5800, masu cc 52 da 58, waɗanda ke zuwa da sunaye barkatai. Suna aiki daidai kuɗinsu, kayan gyaransu ma da araha. Matsalarsu a kasuwar hannu ita ce sabon ma ba tsada gare shi ba, to me zai sa mutum ya biya kuɗin kirki a kan tsoho? Wanda ya sayi irin wannan ya sa a ransa cewa aikin da ya yi masa shi ne ribarsa, kada ya sa rai da kuɗin sayarwa.

Na asali ne ko jabu?

Duk injin da ya yi farin jini sai an kwaikwaye shi, kuma 070 na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya. Kwaikwayon iri biyu ne. Akwai kamfanonin da ke fitowa da sunansu, kamar Holzfforma mai G070 da G660, ba sa ɓoye cewa kwafi ne. Akwai kuma masu manna sunan Stihl da launinsa na ruwan lemo da toka-toka a kan kayan da ba nasa ba. Na biyun ne hatsarin, musamman idan inji ya tsufa, datti ya rufe bambancin.

Ga inda za a duba. Injin asali yana da lambarsa ta musamman da aka buga a jikin ƙarfen gidan inji, kusa da salansa, ban da wadda ke kan sitika. Idan sitikar na nan, lambobin biyu su zo ɗaya. Idan an goge lambar ƙarfen ko an kankare ta, a bar cinikin nan take, don ko jabu ne ko na sata. A duba bayan murafan roba: na asali suna ɗauke da lambar kaya da tambarin kamfani a zube cikin robar, gefunansu sumul. A duba kafireta: manyan kamfanoni suna amfani da irin su Zama da Walbro da Tillotson, kuma sunan kan fito a jiki.

Kada rubutun ƙasar ƙira ya ruɗi mai saye. Stihl yana da masana'antu a Jamus da Amurka da Barazil da kuma Caina, saboda haka ganin an rubuta Barazil ko Caina ba ya nufin jabu ne.

Akwai kuma na uku da ya fi yawa a kasuwanninmu: gidan inji na asali, amma silinda da fistin da kafireta duk an sauya su da na kwafi a wajen gyara. Irin wannan yana aiki, ba laifi ba ne a saye shi, sai dai kuɗinsa ya kamata ya tsaya tsakanin na asali da na kwafi.

Wane aiki ya yi, wane mai ya sha?

Tambayar shekarun inji ba ta da amfani kamar tambayar aikin da ya yi. Wanda ake kayar da bishiya da shi a daddatsa ta yana samun hutu tsakanin yanka da yanka. Wanda ake tsaga gungume da shi a tsaye don fitar da katako kuwa, yana shafe mintuna a cikakkiyar wuta ba sassauci, yini guda. Babu aikin da ke cin inji kamar wannan. Shekara ɗaya a hannun mai tsaga maɗaci ko giginya ta fi shekara biyar a hannun mai lambun da ke rage rassan mangwaro.

Sai maganar mai. Injin yankan itace irin ƙaramin janaretan nan ne da ake haɗa masa fetur da mai, ba shi da wani wurin ajiye baƙin mai daban. Man da aka haɗa a fetur shi kaɗai ke shafe fistin da boris. Ƙa'idar da Stihl da Husqvarna suka bayar da man 2T mai kyau ita ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai: mililita 20 a kowace lita, ko mililita 100 a lita biyar. Masu aiki da yawa a daji baƙin man mota suke zubawa da ƙiyasin ido. Baƙin man mota ba a yi shi don ya ƙone tare da fetur ba, yana barin gawayi a kan fistin da mafitar hayaƙi, har ringi ya maƙale. Wasu kuma suna zuba tsohon baƙin man da aka juye daga mota a tankin man sarƙa, wanda ke ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe mai cinye famfon mai.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon. Filtar iska da ta yage ko aka daina wankewa tana barin ƙura da garin katako su shiga silinda su riƙa gurzar ta kamar yashi. Mai saye ya tambaya a cikin hira, ba da sigar tuhuma ba: wane mai kake sa masa, gwangwani nawa a galan? Amsar kaɗai kan faɗi rabin tarihin injin.

Gwajin rabin awa

Ba a cinikin biri a sama. Hoton da aka turo ta WhatsApp ko aka sa a Jiji da Facebook ba ya nuna komai sai fenti. A je da bakanike idan da hali, da tocila, da sifanar fulogi, sannan a nemi mai shi kada ya tayar da injin kafin a iso. Injin da ya gaji yakan tashi da sauƙi in yana da zafi, asirinsa a sanyi yake tonuwa. A taɓa salansa a tabbatar da sanyinta.

Na farko, matsin silinda. A ɗaga injin ta hannun igiyar tayarwa a sake shi. Lafiyayye zai rataye, ko ya riƙa sauka a hankali yana tirjewa. Wanda ya zube ƙasa sululu, matsinsa ya tafi. Manyan injuna suna da wani maɓalli na rage matsi don sauƙin ja, a tabbatar ba a danne yake ba. Idan bakanike yana da agogon awo, a galibin injunan zamani kusan psi 150 alamar lafiya ce, ƙasa da 120 gajiya ta fara, ƙasa da 100 kuwa gyara ya zo.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci, a kwance salansa. Noti biyu ne ko uku. Ta ramin za a hango fistin da tocila yayin da ake jan igiya a hankali. Fistin mai lafiya sumul yake, ringinsa na motsi a raminsa. Idan aka ga zane-zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa kamar an karce shi da ƙusa, injin ya taɓa yin zafi fiye da kima ko ya sha fetur ba mai. Cikin silindar irin wannan inji wani siririn shafe mai tauri ne da shi, ba a gundurarta a faɗaɗa kamar bulon mota. In karcen ya ratsa shafen, sai dai sabuwar silinda da fistin, wanda shi ne gyara mafi tsada bayan karanshaf. Mai sayarwar da ya ƙi a buɗe salansa ya riga ya ba da amsa.

Na uku, fulogi. Bakinsa ya zama ruwan ƙasa. Baƙi mai danshi na nuna mai ya yi yawa ko kafireta na ambaliya, wannan gyara ne mai sauƙi. Fari fat kuwa ya fi ban tsoro, don yana nuna iska ta fi fetur yawa, abin da ke ƙona fistin ke nan. A duba zaren ramin fulogin ma, kada ya zama ya lalace an cusa da dabara.

Na huɗu, a tayar. Da cok, ja kaɗan ya kamata ya isa. A bar shi a silo: ya tsaya daram, sarƙa kuma kada ta motsa. Daga nan a karkata shi dama, a karkata hagu, a dunƙufar da bakinsa ƙasa. Idan ƙararsa ta tashi da kanta ko ya mutu, akwai inda iska ke shiga, galibi ta sil ɗin karanshaf. Robar ba tsada, amma aikin sa ta da yawa, kuma in an bar ta ita ce ke kai inji ga bugawa. A ba shi wuta a ji ko yana amsawa nan take ba tare da shaƙewa ba.

Na biyar, man sarƙa. A nuna bakin takobin, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke kewayawa, ga wani katako mai haske ba tare da ya taɓa ba, a ba shi wuta. Cikin daƙiƙu kaɗan a ga layin mai ya fito. In babu, famfon mai ya mutu ko ya toshe.

Na shida, birki. Mafi munin hatsarin wannan inji shi ne lokacin da saman bakin takobi ya taɓa wani abu, injin ya harbo baya zuwa fuskar mai riƙe da shi. Garkuwar da ke gaban hannun hagu ita ce birkin da ke tsayar da sarƙa cikin ƙiftawar ido. A tura ta gaba a ga sarƙa ta tsaya cak. Masu aiki da yawa suna cire ta idan ta karye, ba sa mayarwa. A cire kuɗin mayar da ita daga farashi, kuma a mayar ɗin. Tsofaffin 070 da yawa tun asali ba su da wannan birki, dalili ke nan da bai dace sabon shiga ya fara da su ba.

Na ƙarshe, a yanka gungume na gaske, busasshe mai kauri, har inji ya yi zafi, a kashe a sake tayarwa. Wanda ya ƙi tashi da zafi, sau da yawa kwayil ɗin wutarsa ne ya fara mutuwa. A kuma duba gidan inji da tanki ko akwai tsaga, ko walda, ko gam. Injin da bishiya ta taɓa faɗo wa ba ya komawa daidai.

Kayan da ke cinyewa

Sarƙa da takobi da sufuroket, wato haƙoran da ke jan sarƙar, kaya ne masu ƙarewa kamar tayar mota. Lalacewarsu ba ta nuna inji ya mutu, amma kuɗi ne da za a fitar a makon farko. Haƙoran sarƙa suna gajercewa duk lokacin da aka wasa su da magagari. Takobin da raminsa ya buɗe, sarƙa na rawa a ciki, ko gefensa ya yi shuɗi don zafi, ya gama aiki. Sufuroket kuwa idan sawun sarƙa a jikinsa ya kai zurfin rabin milimita, lokacin canji ya yi, kuma tsohon sufuroket yana lalata sabuwar sarƙa.

A lura kuma sarƙoƙi ba girma ɗaya ba ne. Akwai .325 da 3/8 da .404, kuma 070 da ta ƙarshen yake aiki. Kafin a sayi injin da aka shigo da shi daga Turai a kwantena, a tabbatar ana samun sarƙarsa da takobinsa a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Dei-Dei, ko duk kasuwar da ta fi kusa.

Masu kwamfuta da masu batir

Sababbin injunan sana'a sun fara zuwa da 'yar kwamfuta mai daidaita fetur da kanta. Stihl na kiran tasa M-Tronic, Husqvarna kuma AutoTune. Akwai ma MS 500i, wanda ba shi da kafireta sam, allurar fetur gare shi kamar motar zamani. A Turai wannan ƙarin daraja ne, domin wakilin kamfani na iya jona injin da na'ura ya karanto bayanan aikinsa da matsalolinsa. A garin da babu mai wannan na'urar kuwa, fasahar na iya rage masa masu so, tunda bakaniken da ya saba da sukudireba ba shi da abin murɗawa. Darajar fasaha tana tafiya ne da kusancin mai gyaranta.

Masu batir kuma lissafinsu daban ne. Motarsu ba ta cika lalacewa ba, babu fistin, babu haɗa mai. Amma kaso mai yawa na kuɗinsu a batir da caja yake, batirin lithiyam kuwa yana raguwa da yawan caji, zafi kuma na hanzarta tsufansa. A cika shi a yi yanka da shi har ya ƙare, a ga mintuna nawa ya yi. Sannan batirin kowane kamfani nasa ne shi kaɗai. Wanda yake da wasu kayan aikin Makita masu bolt 18 zai ga darajar injin Makita da ba batir, wani kuwa ba zai ɗauke shi ko kyauta ba. Tun da tallafin fetur ya tafi a ƙarshen Mayun 2023, masu sola a gida da masu ƙananan lambuna suna da dalilin duba wannan ɓangaren, ko da yake bai kai ga aikin tsaga katako ba tukuna. Makita ma ya daina ƙera kayan aiki masu injin fetur tun 2022, abin da mai sayen tsohon Makita ko Dolmar na fetur zai sa a lissafin kayan gyara nan gaba.

Doka, wuri da lokaci

Inji ɗaya ba ya yin kuɗi ɗaya a ko'ina. Babba mai cc 100 ya fi samun mai so a yankunan daji irin Taraba da kudancin Kaduna da Neja fiye da tsakiyar Sakkwato, inda matsakaici mai sauƙin hawa bishiya ya fi amfani. Da rani, lokacin da hanyoyin daji suka bushe, masu katako ke neman inji. Farkon damina kuma, iska na kayar da bishiyoyi a gari, masu aikin datsa su ke nema.

Doka ma tana taɓa farashi kai tsaye. A Gana, tun 1998 doka ta hana tsaga katakon sayarwa da irin wannan inji, ta kuma wajabta yi masa rajista a hukumar gunduma. A Nijeriya, jihar Kuros Riba ta dakatar da saran daji a 2008. Itacen madobiya, wanda 'yan kasuwa ke kira Madrid, da aka yi ta kwasa daga Taraba zuwa Caina, ya shiga jerin yarjejeniyar CITES ta kare tsirrai da namun daji a 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya. Jihohin Arewa da dama suna da dokar hana sare bishiya ba da izini ba, kuma jami'an gandun daji na kama inji. Injin da aka ƙwace darajarsa ta zama sifiri a rana ɗaya. Mai saye ya fara sanin aikin da doka ta yarda ya yi da shi a jiharsa, ya kuma nemi rasit. Idan babu, a rubuta takardar ciniki da lambar inji da shaidu biyu, domin injin yankan itace na cikin kayan da ake yawan sacewa.

Yadda za a haɗa lissafin

A fara da kuɗin sabo na yau. Mu ɗauka naira 1,000,000 ne don sauƙin lissafi. Shawararmu ita ce, ko da injin sana'a na asali ya ci duk gwajin da ke sama, kada mai saye ya wuce kashi biyu cikin uku na kuɗin sabo, tunda babu garanti kuma akwai abin da ido ba ya gani. Wato rufin ciniki ya zama wajen 650,000. Daga nan a je kasuwa a tambayi ainihin kuɗin duk abin da aka ga yana buƙatar canji, a haɗa da kuɗin aikin bakanike, a cire. A ce sarƙa da takobi da sufuroket sun tashi 90,000, gyaran birki 20,000, to tayin gaskiya 540,000 ne. Idan fistin ya karce, a cire kuɗin silinda da fistin na asali, ba na kwafi ba, sannan a ƙara cire wani abu don gano dalilin karcewar, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu.

Idan kuɗin saye da na gyara suka haɗu suka kusa kashi 80 cikin 100 na sabo, a haƙura a cika a sayi sabon. Na aikin gida da 'yan Caina kuwa, rufinsu ya sauka ƙasa da haka sosai, don gyara ɗaya babba na iya fin kuɗin injin.

Ga mai sayarwa

Duk abin da aka faɗa wa mai saye, makami ne a hannunka idan injinka lafiyayye ne. Wanke shi, ka share haƙarƙarin silinda da filta, amma kada ka yi masa fenti, don sabon fenti a kan tsohon inji zargi yake jawowa. Wasa sarƙa, ka zuba sabon haɗin mai, domin fetur ɗin da ya wuce wata guda a tanki yana lalacewa ya toshe kafireta. Haɗa rasit da sifana da murfin takobi da ragowar sarƙoƙi. Ka kwance salansa da hannunka ka miƙa wa mai saye tocila tun bai tambaya ba. Idan ka taɓa canza fistin, ka faɗa, ka faɗi irin wanda ka sa. Aibin da ka bayyana kuɗinsa kaɗai za a cire. Wanda mai saye ya gano da kansa kuwa, zai sa ya yi shakkar sauran maganarka duka.

Idan ba ka cikin gaggawa, ka kai maganar wurin masu aikin da kansu, a 'yan katako ko wurin kanikawan da ke gyara musu, don su ne suka san bambancin na asali da kwafi kuma suke biyan kuɗinsa. Dillali yana da amfaninsa ga mai sauri, amma a yanke la'adarsa tun kafin a fara.

Wanda kuma yake shirin sayen sabo yau, ya sani tun ranar farko yake rubuta kuɗin da zai sayar. Man 2T na kirki da awo, filta mai tsabta, sarƙa mai kaifi don kada inji ya riƙa wahala, da ajiye rasit a inda ba zai ɓata ba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, amma sai an riƙe shi da kyau kuɗin ke dawowa.